Neman Shaida ga Bawa Magini a Duwatsun Bauchi

Tun da na dawo, ba na zama a majalisarmu ta bakin tashar Tambuwal face wani ya ce, "Magatakarda, wai da gaske akwai mutanen da aikinsu kawai su saurari ƙasa?" Na ba da labarin har na lura ya soma canza kama a bakin mutane, domin shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa cewa an ajiye ni cikin rami kwana uku. Shekara talatin da biyu na yi ina tsare rumbun takardu, na kuma san abin da ke samun magana idan aka bar ta ba a rubuce ba. Saboda haka ga shi yadda ya faru, har da wurin da ni ne na yi kuskure.

Ƙauyenmu na haihuwa yana ƙasar Kebbe, kuma ni ne magatakardan ƙungiyar ci gabansa, ko da yake a Tambuwal nake zaune. Bara muka haɗa ƙarfi muka gina ɗakin shan magani, muka ba Bawa Magini aikin. Bawa ya gaji gini ne daga mahaifinsa, kuma rabin ɗakunan ƙauyen hannunsu ne. Ba a yi wata huɗu da gamawa ba, katangar gabas ta tsage daga tushe har kan taga. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ya miƙe a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ya ce Bawa ya ci siminti. Ba a kira zama ba, ba a ji ta bakin Bawa ba, ba a rubuta komai ba. Tun daga ranar, ko gyaran dakali ba wanda ya sake ba shi.

Bawa ya same ni har gida, ya ƙi zama bisa kujera.

"Magatakarda, ko kwano guda ban rage ba," in ji shi. "Ƙasa ce tam motsa. Kowa ya ji, amma tunda Alhaji ya yi magana kowa ya manta. Ni yanzu ɗiyana ba su iya tsayawa bakin rijiya, sai a ce ga ɗiyan mai cin siminti."

Na ɗauki littafi na bi gida gida. Mutum ashirin da uku suka ba ni shaida. Sau uku aka ji ƙara kamar tsawa daga nesa alhali babu hadari, kwanoni suka yi amo, ƙasa ta zubo daga rufi. Ƙarar an ɗauka bindigogin sojoji ne a daji, motsin kuwa aka ce ikon Allah. Na taɓa ji a rediyo cewa akwai tashar da ke auna girgizar ƙasa a cikin duwatsun Bauchi, ta wajen Jos. Na rubuta musu wasiƙa, aka kira ni ta waya aka ce in zo. Niyyata guda ce: in dawo da takarda mai hatimi da za ta ce ƙasa ta girgiza a ƙauyenmu, in aje ta gaban Alhaji Mamman.

Na shiga bas ta Sakkwato bayan sallar asuba. Maiɗakina ta ɗaure mini hoce, wainar dawa ta ƙasarmu, da soyayyen nama, ni kuma na ƙara da abin da ta ce wauta ce, wato guntun katangar da ta tsage, naɗe cikin tsohon rawani. A Sakkwato na sauya motar Gusau, wadda ƙofarta ta baya da igiya aka ɗaure. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin albasa, wadda kafin mu bar gari ta san sunana da na ƙauyenmu da ciwon gwiwata.

Shingayen hanya na ƙirga su, amma na iyakar Zamfara ne ya tsaya mini a rai. Jami'in ya buɗe jakata, ya warware rawanin, ya dubi dutsen ya dube ni.

"Baba, mene ne wannan?"

"Shaida ce."

"Daga wane rami aka haƙo ta?"

Sai na gane zinariya yake zato, don yankin ya yi suna da masu haƙa. Na yi masa bayani tun daga kafa ƙungiya, bai saurara ba. Ya karce dutsen da makulli, ya zuba masa ruwa, ya ɗaga shi ga rana. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Yallaɓai, wanga tsoho in zinari garai, shi shiga motar da anka ɗaure da igiya?" Motar ta ɗauki dariya, har shi jami'in. Ni ban yi ba. Na fito da alƙalami na roƙe shi sunansa domin in rubuta wanda ya taɓa shaida, sai ga shi ya naɗe dutsen da hannunsa ya miƙo mini, har da Allah Ya kiyaye hanya.

A Zariya na kwana, a wani masauki kusa da tasha, mai tsabta ba laifi. Abin da ya ɓata mini rai littafin baƙinsu ne. Wani ya rubuta sunansa "Alhaji" kawai, wani a gurbin inda ya fito ya sa "hanya", kwanan wata kuwa mako guda ba a sa ba. Na cika kowane gurbi, na ja layi, na gyara musu kwanan watan. Matar da ke kan teburin ta jira har na gama, ta ce, "Baba, ai ba jarrabawa ba ce." Na ce mata ranar da wani abu ya faru za ta zama jarrabawa. Da safe ta aiko mini da koko da ƙosai, ta ce na malamin makaranta ne.

Daga Zariya muka bi ta Saminaka, masara dama da hagu, har hanya ta fara hawa. Abubuwa uku na lura da su a ƙasar Jos. Na farko sanyi, wanda ya shiga babbar rigata kamar ba ta jikina. Na biyu, mata ne a gona da fartanya, kuma shingen gidajensu na kyarana ne, ba na kara ba. Na uku gaisuwa: a wurinmu ba ka kai ga maganar da ta kawo ka sai ka tambayi gida da gajiya da shanu da ruwa, su kuwa "sannu" biyu an gama. Da fari na ɗauka rashin ladabi ne, daga baya na ga sanyin ne ba ya barin mutum ya tsaya.

A wata rumfar abinci aka kawo mini kwano cike da wani abu mai ganye da yalo, yana tururi. Na zauna ina jiran tuwo. Da mai abincin ta ga ban taɓa ba, ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce miya ta iso, saura tuwo. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Gwate ne, shi ne tuwon shi ne miyar." Na sha, na nemi ƙari, kuma ina shaida cewa mutumin da bai sha gwate da zafinsa cikin sanyin nan ba akwai abin da ya rage masa.

Tashar ba ta cika ido ba. Gini ne gajere cikin shinge, da allunan hasken rana a gefe, bayansa dutse shimfiɗe kamar faifai. Mutum biyu suka karɓe ni: Dakta Rifkatu, wadda ita ce mai karanta abin da na'urori suka ji, da Baba Ɗanladi, dattijon da ke kula da su tun yana saurayi. Littafin baƙinsu na duba da farko, na same shi cikakke, hankalina ya kwanta.

Baba Ɗanladi ne ya ba ni tarihi. Ya ce da can ana cewa ƙasarmu ba ta girgiza, wannan abin wasu nahiyoyi ne. Sai aka riƙa jin ƙananan motsi nan da can, mutane su fito waje a tsorace, a tambayi masana, su kuma ba su da abin nunawa. Shi ya sa aka kafa tashoshi irin wannan a wurare kaɗan, aka zaɓi inda dutse ya fito fili, nesa da manyan motoci. Ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini tsohuwar na'ura, ganga ce ta ƙarfe da ake naɗa wa takarda, tana juyawa a hankali, alƙalami siriri yana ja mata layi.

"Kullum a daidai lokaci guda nake canza takardar nan," in ji shi. "Ranar Kirsimeti, ranar Sallah, ranar da aka haifi ɗana na fari. Waɗanda suka riga mu a wasu ƙasashe ma da hayaƙin fitila suke baƙanta takarda, allura ta karce. Yanzu yaran nan sai su zauna gaban kwamfuta, agogonsu daga tauraron ɗan Adam yake zuwa."

"Yaran nan suna jin ka, Baba," in ji Dakta daga ƙofa.

Takardun shekaru suna nan jere cikin akwatuna, kowace da kwanan watanta. Na daɗe ban ga abin da ya faranta mini rai haka ba.

Yadda abin ke aiki, kamar yadda na fahimta, ga shi. A cikin na'urar akwai wani nauyi da aka rataya. Idan ƙasa ta motsa, jikin na'urar yana bin ta, nauyin kuma yana jinkiri, to bambancin nan ake aunawa, ta fuska uku: sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa. Girgiza tana aiko da motsi iri biyu, na farko mai sauri, na biyu yana biye. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisa, kamar yadda muke gane nisan hadari tsakanin walƙiya da tsawa. Tasha guda nisa kawai take sani. Sai tashoshi uku sun haɗa abin da suka ji kafin a ce ga wurin. Na ce musu mu ma a shari'a shaida guda ba ta isa.

Ramin da ake ta zancensa ɗaki ne ƙarami da aka haƙa har kan dutse, kuma minti biyar na yi ciki. Sun sa na cire takalmi na bar sandata a waje. Na'urar kanta ba ta fi tukunyar miya ba, an lulluɓe ta don kada zafi ko iska su taɓa ta. Na taka a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Da muka koma ofis, Dakta ta nuna mini allo ta ce, "Ga ka nan, Baba. Ga saukarka, ga inda ka yi tuntuɓe." Baba Ɗanladi ya ƙara da cewa garken shanu ma idan ya wuce bayan shinge yana gane shi.

Sannan na gabatar da buƙatata. Dakta ta karɓi ranakun uku, ta duba tasharsu, ta duba na sauran tashoshi. Ta daɗe. Daga ƙarshe ta juyo ta ce babu komai. Ta bayyana mini cewa ƙaramin motsi yana mutuwa a hanya, ƙasar Kebbe ta yi nisa, kuma ba su da kunne kusa da mu. Rashin ganinsa ba ya nufin bai faru ba, amma ba ta gan shi ba.

Na ce to ta rubuta cewa mai yiwuwa ne an yi girgizar, ta buga hatimi, sauran ni na san yadda zan karanta shi.

"Ba zan sa hannu kan abin da za a karanta fiye da yadda na rubuta ba," in ji ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata kwana biyu na yi a hanya, kuma sunan mutum ne ke ƙasa ana takawa. Na warware rawanin na aje dutsen bisa teburinta. Ta ce su ba sa auna siminti. Na tashi tsaye. Abin da ya zaunar da ni shi ne na tuna sau nawa ni kaina na faɗa wa manya wannan magana tata, kusan kalma da kalma, a kan takardun filaye.

"Ba ni littafin naka in gani," ta ce.

Ta karanta shi shafi shafi, ta yaba da tsarinsa, abin da ya ɗan sanyaya ni. Sai ta ɗauki fensir. "Alhamis, Litinin, Alhamis. Duka ukun tsakanin azahar da la'asar. Baba, girgizar ƙasa ba ta da agogo, ba ta san ranar aiki ba. Mutane ne ke da agogo." Ta buɗe mini wasu layuka a allo, gajeru masu tashi farat ɗaya, ta ce wannan nakiyar masu fasa dutse ce a yankinsu, kullum da rana, kullum ranar aiki.

Na ce babu mai fasa dutse a ƙasarmu, da akwai da na sani.

Ba ta yi gardama ba, ta ci gaba da juya shafi har bangon baya. "Wannan da ka soke fa?"

Shaidar Inna Hajjo ce, Bafulatana mai kawo nono daga rugar da ke bayan dutsen ƙauyenmu. Na tambaye ta rana, ta ce ba ta riƙe ba. Na tambaye ta lokaci, ta ce rana ta karkata. Sauran maganarta duk ta shanu ce. A ƙa'idar da na yi aiki da ita, shaidar da ba ta da rana ba ta da sa'a ba ta shiga fayil, don haka na ja mata layi biyu. Dakta ta karanta abin da ke ƙarƙashin layin da ƙarfi: "Masu jan ƙyalle sun zo sun ce mu kore shanu nesa da dutse. Muna cikin tafiya ƙasa ta buga."

Ta aje littafin. "Mutum ashirin da uku sun gaya maka abin da suka ji. Ita kaɗai ta gaya maka abin da ta gani. Jan ƙyallen nan tutar gargaɗi ce, kafin a tashi nakiya."

Na jawo littafin gabana cikin kunya. Baba Ɗanladi ne ya cece ni. Ya ce yana sabon ma'aikaci ya taɓa ganin layi ya yi rawa a takarda, ya ɗauka tsaka ce ta hau alƙalami, ya yaga ya jefar. Bayan kwanaki aka aiko tambaya daga wata ƙasa, ashe babbar girgiza ce ta can nesa. "Tun ranar," in ji shi, "ko kashin tsaka ne a kai, sai na sa kwanan wata na ajiye."

Dakta ta ba ni wasiƙa, ba wadda na je nema ba. Ta rubuta cewa na'urorinsu ba su ji komai ba, cewa lokutan sun fi kama da aikin nakiya, kuma a bincika bayan dutsen. Ta gargaɗe ni da baki cewa ko an sami nakiya, wannan bai wanke siminti ba, a nemi wani magini ya duba katangar. Na gode mata, kuma godiyar gaske ce.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na sayo dankalin Turawa da maiɗakina ta ce ya fi tafiyar amfani. Ban kwana biyu a Tambuwal ba na hau babur zuwa ƙauye, na wuce kai tsaye ruga. Na gaishe da Inna Hajjo na ce na zo neman gafara, na soke maganarta.

"Ai na gani sanda kas soke," ta ce. "Na ce wanga malami alƙalaminai ya fi kunnenai kaifi."

Ita ta nuna mini hanya. Bayan dutsen, wurin da mutanenmu suka bar zuwa itace saboda tsoron daji, wani kamfani ne ke fasa dutsen aikin hanya. Motocinsu ta ɗaya gefen suke shiga, shi ya sa ba mu taɓa ganinsu ba. Maigadinsu ya gaya mini ranar da za su sake tashin nakiya.

Ranar na kira zaman ƙungiya, na sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar da ke fuskantar katangar. Na gayyato wani tsohon magini daga Dogon Daji wanda ba ya da dangi a cikinmu. Ya bi bulo da ƙusa da guduma, ya ce wanda ya yi kwaɓin nan bai yi ƙwauro ba. Na karanta wasiƙar Dakta, na karanta shaidar Inna Hajjo da sunanta, na kuma faɗi wanda ya soke ta. Alhaji Mamman ya ce duk wannan zancen boko ne. Ni dai agogo nake dubawa. An yi azahar, an dawo, an zauna. Can sai ƙarar ta zo, tabarma ta motsa ƙarƙashinmu, yashi ya zubo daga cikin tsagar a gaban idon kowa.

Alhaji Mamman ya gyara hula, ya ce a rubuta wa kamfanin ƙorafi, wanda tuni na rubuta. Sannan ba tare da ya dubi Bawa ba ya ce, "Gobe ka taho da kayan aiki ka gyara."

"Ranka shi daɗe," in ji Bawa, "ba nan anka ce na ci siminti ba."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Alhaji Mamman ya miƙe a ƙofar masallaci. Zan faɗi gaskiya a kansa: ba wanda ya tilasta shi, kuma abu ne mai nauyi ga mutum irinsa. Ya ce an bincika, Bawa ba ya da laifi, shi ne ya yi gaggawa. Muryarsa ta yi ƙasa, sai wani dattijo daga sahun baya ya ce, "Alhaji, mu nan ba mu jiya ba." Ya maimaita, da ƙarfi.

Bawa bai ɗaga kai ba. Kafin ya kai wurin takalminsa mutum biyu sun tare shi, ɗaya da maganar shago, ɗaya da maganar ɗakin amarya. Ya saurare su har suka gama, ya ce, "Ku yi haƙuri, sai na gama asibiti."